Zaƙamin da Na Ba Karen Kawu

Ni ba mai son kare ba ne, gara in faɗi wannan tun farko. A unguwar Sih aka haife ni, cikin Larabawan Madina na girma, kuma a unguwarmu in kare ya shafi rigarka sai ka koma gida ka canza kafin ka shiga masallaci. Kakana na wajen uba da ƙafa ya zo daga ƙasar Kano, a nan ya rasu, mu muka tashi da takardun ƙasa da Hausar cikin gida. Mahaifiyata kuwa, Allah ya jiƙanta, Bahaushiyar Sudan ce, kuma ƙanenta da muke kira Kawu shi ne mai karen.

Kawu ya fi shekara talatin yana kula da wata gonar dabino a Jurf, can gefen Madina. Lokacin da ya fara babu komai a wajen sai dabino da rijiyoyi. Yanzu gidajen bene sun zagaye gonar, kowanne da motoci biyu a ƙofa. Ɗaki ɗaya gare shi kusa da injin ban ruwa, da katifa, da buta, da rediyo, sai karen. Wani ja ne mai dogayen ƙafafu, kunne ɗaya a yage. Bai sa masa suna ba, fito kawai yake masa, gajere sau biyu, ko yana ƙarshen gona sai ka gan shi ya taho a guje. Kawu bai taɓa aure ba. In na tsokane shi na ce, Kawu, kai da kake jan ma'aikata salla kana zaune da najasa, sai ya ce, "Karen gona shari'a ta yarda da shi, kuma mu Malikawa ne. Ku da kuka zama Larabawa ku yi ta wanke-wankenku."

Ciwon suga ya daɗe yana cin sa. Idonsa ya yi rauni, sannan wani ɗan rauni a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa, ya yi baƙi. Ranar da na ɗauke shi zuwa asibiti, har ya shiga mota ya sa na tsaya. Ya leƙo da kai yana neman inda karen yake, ya ce, "Ɗana, ban bar komai a nan ba sai shi. Amana ce." Na ce an gama, Kawu. Da sauri na faɗa, don hankalina na kan cunkoson hanya.

Aikina a filin jirgin sama ne, inda ake karɓar alhazai da masu umara. Ni ne nake tsayawa tsakanin jami'i da tsohuwar da ta sauko daga Kano ko Yamai ba ta jin Larabci. Lokacin kuwa umara ta yi yawa, jirgi na sauka jirgi na tashi, dawam ɗina, wato awannin aikina, ba ya ƙarewa a kan lokaci. Ina tashi sai in bi ta Jurf, in zuba wa karen sauran shinkafa daga nesa, in cika masa kwanon ruwa, in wuce gida.

Ai kuwa ba ya ci. Tun ranar da mota ta fita da Kawu ya fara kuka, kuma ba haushi ba ne, wani dogon kuka ne da yake ja kamar mace a gidan mutuwa. Ya tone gindin ƙofar ɗakin har faratansa suka yi jini. In ya ji ƙarar motata sai ya taho, ya leƙa kujerar gaba, ya ga ni kaɗai ne, ya koma ƙofar ya ci gaba. A kwana na biyar mai gonar ya kira ni. Wani dattijo ne Balarabe mai mutunci, shi ne kafilin Kawu, wato wanda ya tsaya masa a takardar zama. Ya ce maƙwabta sun dame shi, akwai mai jariri, akwai mai uwa mara lafiya, wani ma ya ce zai kira baladiya, hukumar gari, su zo su kama shi. Ya ce, "Na ba ka mako guda. In bai yi shiru ba, dole a fitar da shi."

Da takaicin nan na koma gida. Babbar 'yata, wadda take jami'a, ita ce ta ɗauki waya tana dubawa. Irin 'ya'yan nan namu ne na yanzu, in ka yi musu Hausa suna ji sarai, amma da Larabci za su amsa. Ta ce abin ciwo ne sananne, kare in ya shaƙu da mutum aka raba su yakan shiga fargaba. Ta karanto min magani: a bar masa rigar maigidansa da ba a wanke ba, a riƙa zama da shi ko da awa guda ne kullum, in ya ƙi a kai shi wajen likitan dabbobi. Sai ta yi dariya ta ce akwai ma wasu Turawa da suke gwada ba kare wata irin laimar kwaɗi mai sa mutum gane-gane, ɗan ƙanƙani ƙwarai wanda bai kai ya bugar ba, wai yana kwantar masa da hankali. Ta ce, "Amma wannan mamnu' ne, ya Baba, an hana, kuma ba a ma tabbatar yana aiki ba."

Duk maganar da ta yi mai amfani ta shiga ta nan ta fita ta can. Rigar dai na ɗauko a ɗakin Kawu na jefa masa. Zama kuwa, ni da farar jallabiyata da katin aiki a wuya in tsuguna gaban kare, mutanen bene suna kallona ta taga? Likita kuma sai na sa shi a motar da nake ɗaukar iyalina, na shiga da shi gaban jama'a. Ban iya ba. Ba rashin lokaci ba ne kamar yadda na riƙa gaya wa kaina, girman kai ne da ƙyama, yau na faɗa.

Abin da ya zauna min a kai shi ne zancen laimar kwaɗin. A bakin magudanar ruwan gonar akwai wani tsiro mai farin fure dogo kamar bakin algaita, da 'ya'ya masu ƙaya. Zaƙami. Kawu da kansa ya taɓa nuna min, ya ce kullum yana tuge shi saboda awakin maƙwabta, kullum yana dawowa. Mahaifiyata ma ta sha ba mu labarinsa, yadda a garinsu in an so a wulaƙanta mutum ake sa masa a fura, ya yini yana kamun abin da babu shi a iska. Haukata-yaro take ce masa.

To ni kuma aikina kenan tun ina saurayi, in Balarabe ya faɗi abu in nemo wa Bahaushe kwatankwacinsa, har abin ya zame min jiki, na ɗauka babu abin da wani yake da shi a duniya da mu ba mu da namu. Na tsaya gaban tsiron nan na yi lissafi irin na mai ƙaramin sani. Nasu yana sa gane-gane, namu ma yana sawa. Nasu an hana, namu ga shi Allah ya tsirar kyauta a gindin famfo. Su kaɗan suke bayarwa, ni ma kaɗan zan bayar. Ban tambayi kowa ba, don na san duk wanda na tambaya zai hana ni.

Na niƙa 'ya'yan da dutse, na ɗibi ɗan abin da ya maƙale a kan tsinke, na cakuɗa da kifin gwangwani. Yunwa ta riga ta ci shi, ya lashe tas.

Washegari shiru. Jibi ma shiru. Mai gonar ya kira yana sa min albarka, yana tambaya me na yi. Na ce sirrin gida ne. A wajen aiki har na ce wa wani abokina ɗan Chadi, abin da Bature ya gano jiya, mu kakanninmu sun daɗe da saninsa. Wallahi in na tuna yadda na faɗi maganar nan ina shafa gemu, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kuma kada wani ya ce ban ga alama ba. Na gani. Yana shan ruwa kamar raƙumi amma bakinsa a bushe. Idonsa ya zama baƙi wuluk, ya daina son rana, ya koma kwana ƙarƙashin tankin ruwa. Na gan shi yana cafkar iska alhali babu ko ƙuda, na gan shi ya tafi kai tsaye ya daki gindin dabino da goshi. Na ce a raina sabo ne, zai saba. In kukan ya fara dawowa sai in ƙara kaɗan a kan na jiya. Kusan kwana goma muna haka.

A asibiti kuwa an yanke wa Kawu ƙafa, ƙasa da gwiwa. Ya daure irin dauriyar mutanen da, bai yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Kullum na je tambayarsa ɗaya ce, yana ci? In ce yana ci, Kawu, har ya daina kuka. Sai ya ce, "Madalla."

Aka sa ranar sallama. Mun shirya zai zauna a gidana a Sih, a ɗakin baƙi, tunda gona ta fi ƙarfinsa yanzu. Ya ce amma kafin a kai shi ko'ina sai an bi da shi Jurf. Da safen ranar na je gonar, kuma a nan na yi mafi munin abin da na yi. Ina so Kawu ya tarar da kare a natse, ya ga an riƙe amana, kada ya tarar yana kuka ya ce ƙarya nake masa. Sai na zuba fiye da kullum.

Bayan la'asar muka isa. Na fito da keken guragu daga bayan mota, na ɗora shi, na tura shi har ƙofar ɗakinsa. An naɗe ƙafar wandonsa ta hagu an soke da fil. Ya gyara zama, ya jiƙa leɓe, ya yi fito sau biyu.

Babu motsi. Ya sake yi. Can sai karen ya fito daga ƙarƙashin tanki yana tangaɗi, kansa a karkace. Ya tsaya nesa da mu kamar taku goma. Ba Kawu yake kallo ba, wani abu yake kallo a saman kafaɗarsa. Kawu ya miƙa hannu ya ce, "Zo mana, ni ne." Karen ya tayar da gashin bayansa, ya yage baki, ya yi wani gurnani da ban taɓa jin ya yi wa ko baƙo ba. Ya ja da baya, ya juya a guje, ya daki shingen waya, ya faɗi, ya tashi ya shige cikin dabino.

Hannun Kawu ya daɗe a miƙe. Daga inda yake, da irin idonsa, ba zai iya ganin abin da ni nake gani a idon karen ba. Ya sauke hannun a hankali ya ɗora a kan gwiwar ƙafar da aka yanke.

Ya ce, "Bai gane ni ba."

Na ce warin asibiti ne, Kawu, da keken nan, bai saba ba.

Ya ce, "A'a, yana da gaskiya. Ni ma da na farka na duba, ban gane kaina ba." Sai ya juyo ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce na yi ƙoƙari, ga aiki ga iyali ga wahalar kare, Allah ya ba ni masu yi min. Na ce amin. Da bakin nan nawa na ce amin.

Tun a daren ban sake ba shi ba. Washegari na tuge zaƙamin har saiwa na cusa a buhu na jefar. Cikin kwana huɗu idon karen ya dawo daidai, ya daina tangaɗi, ya koma ƙofar ɗakin ya kwanta a kan rigar Kawu, kukan ya dawo sabo. Duk abin da ake buƙata a lokacin shi ne in shiga ɗakin baƙina in ce, Kawu, ga abin da na yi, tashi mu koma. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba.

Ban iya ba. Kullum in na dawo daga aiki sai in tarar da shi zaune a kan katifa, rediyo a kashe, yana jan carbi. In gaishe shi, in buɗe baki, sai in ji kaina ina tambayarsa ya jiki. Ya daina tambaya ko karen yana ci. Shi ma cin nasa ya ragu, matata ta yi masa miyar kuka, ta yi masa asida irin ta Sudan, sai ya taɓa ya ture. Sau ɗaya na yi dabara na ce, ko mu leƙa gona ka sha iska? Nufina su haɗu, abin ya gyaru da kansa ba tare da na tona kaina ba. Ya ce, "In je in yi me? Kada in sake tsorata shi." 'Yata ma ta tare ni a bakin kicin ta ce, Baba, ka ba karen nan wani abu ne? Na daka mata tsawa, na ce tun yaushe yara suke tuhumar iyayensu a gidan nan. Ta kalle ni kawai ta wuce, kuma na san ta gane.

Mako uku ina cewa gobe. Mai gonar ya kira sau biyu a kan kukan, na ce ya ƙara min haƙuri. Kira na uku ina tsakiyar aiki, ina riƙe da fasfo ɗin wata tsohuwa. Ya ce ya ɗauki sabon ma'aikaci wanda ba ya son kare, maƙwabta kuma sun kai maƙura. Wani makiyayi ya zo sayen busasshen dabino don tumakinsa, ya ga karen ya ce yana so, shi kuma ya ba shi. An ɗaure shi a bayan motar a-kori-kura tun da hantsi. Na ce ina mutumin yake? Ya ce can arewa ta hanyar Tabuka, bai san daidai ba, ko lambarsa bai karɓa ba. Ya ce, "Ai gara haka da baladiya, ko ba haka ba?"

Kwana biyu ina zagaya kasuwar tumaki ina tambayar mutane ko sun ga jan kare mai yagaggen kunne. Wasu suka yi min dariya, wasu suka ce Allah ya bayyana. Ni da na ƙi tsugunawa gabansa don kada a gan ni, ga ni ina kwatanta shi ga duk wanda ya tsaya.

Ranar Juma'a bayan mun sauko daga masallaci na shiga wajen Kawu na rufe ƙofa. Na zauna a ƙasa kusa da katifar. Mu a gidanmu ba a fara wa babba labari da ƙarshensa in ƙarshen ba shi da daɗi. Ko mutuwa aka aiko ka ka faɗa, sai ka fara da cewa jiki ya yi tsanani, ka bar mutum ya taka a hankali ya iso da kansa. Haka aka koya min, haka kuma na yi. Na ce, Kawu, akwai maganar da nake so in yi, ka yi haƙuri ka ji ni. Na fara daga kukan, da kiran mai gona, da abin da 'yata ta karanto. Da na ambaci zaƙami sai carbin ya tsaya a hannunsa.

Ya ce, "Na bakin famfo?"

Na ce shi.

Ya ce, "Ranar da na je ma ka ba shi?"

Na ce na ba shi, har na ƙara.

Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya. Na shirya wa zagi, na shirya wa tsinuwa, da ya ɗaga sandarsa ya kwaɗa min ma da na ji sauƙi. Sai na ji wani ɗan sauti. Na ɗago, na ga dariya yake yi, hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, "Ashe ba ni ya ƙi ba." Ya sake faɗa a hankali, kamar yana gaya wa kansa. Sannan ya ce, "Da ka daina ba shi, ya neme ni?"

Na ce a ƙofar ɗakinka yake kwanciya, a kan rigarka.

Ya ce, "Kai, ɗan banza, ɗan banza," yana girgiza kai, ban ma san ko da ni yake ko da karen ba. Ya ajiye carbin, ya laluba ya ɗauko hularsa ya sa. Ya ɗaga murya ya kira matata, muryar da ban ji ba tun kafin asibiti, ya ce in akwai sauran ƙashin naman rana ta zuba masa a leda. Ya jawo sandunansa biyu, ya ƙi in taimaka masa, ya dafa bango ya miƙe a kan ƙafarsa ɗaya yana haki.

Ya ce, "Ɗana, kai ma ka wahala, na yafe. Ɗauko makullin mota."

Ina zaune a ƙasa ina kallon ƙafarsa. Na ji matata a kicin tana buɗe tukunya.

Na ce, Kawu, zauna tukuna, ban gama ba.